Aikin rage wa gwarazan teburinmu ƙarfi: inda aka kwana

4 ga Janairu

Jiya awa huɗu muka yi a tebur kuma faɗa ɗaya tak muka gama. Ba ma wani babban dodon ƙarshen labari bane, 'yan fashi ne da matsafinsu suka tare hanya, amma da yake gwarazan 'yan wasana sun kai mataki na 10 a D&D bugu na 5 (Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke wasa da gwarzo ɗaya a cikin labari ana jefa ƙwaya), duk wanda layi yazo kansa sai ya duƙufa a takarda yana juya shafi, wannan yana lissafin ya ƙona tsafin mataki na huɗu (matakin tsafi daban yake da matakin gwarzo) ko ya ajiye, wancan yana tambaya ko baiwa kaza, wato ƙwarewa ta musamman da ake zaɓar wa gwarzo, tana hawa kan baiwa kaza, ni kuma mai jan wasa ina riƙe da maƙiya tara ina ƙoƙarin tuna wa aka sa wa guba wa ke kwance a ƙasa. Da na ɗago kai biyu cikin biyar suna danna waya. Wallahi ban ga laifinsu ba, mutum sai ya jira kusan minti ashirin kafin a sake ce masa "kai fa me zaka yi?"

Jinkirin ma da sauƙi. Abin da yafi ci min rai tafiyar hamadar da na shirya musu ce sati uku da suka wuce, na zana rijiyoyi huɗu, kowace da masu ita da abin da suke so kafin su bari ka ɗebi ruwa, biyu daga ciki basa ga maciji da juna, na zauna ina jiran inga wa zasu roƙa wa zasu ɓata wa rai. Sai mai warkarwa yace kowace safiya zai yi tsafin samar da abinci da ruwa. Tsafin mataki na uku ne, yana ciyar da mutum goma sha biyar na kwana guda. Shikenan, hamadar ta mutu, kuma bai karya doka ko ɗaya ba.

Na yanke shawara zamu rufe wannan labarin mu buɗe sabo da dokokin gida. Ina so takardar kowa ta koma shafi ɗaya, faɗa ya daina wuce rabin awa, sannan duhu da yunwa da nisan hanya su dawo abin da ake sha'aninsu. Zan dinga rubuta yadda ake ciki anan.

11 ga Janairu

Satin nan karatu nayi. Ashe kukan ya daɗe. Tun 2007 Ryan Stoughton ya fito da wani tsari da ake ce wa E6 saboda bugu na 3.5, inda hawa mataki yake tsayawa cak a na 6, daga nan duk maki 5,000 da ka tara sai a baka baiwa guda ɗaya, amma jini, wato yawan raunin da gwarzo zai iya sha kafin ya faɗi, baya ƙaruwa kuma tsafi baya wuce mataki na uku. Abin da ya burge ni shine gwarzon mataki na 6 yafi ƙarfin kowane mai gadin ƙofar gari, amma masu gadi ashirin in suka taru zasu ɗaure shi, don haka har gobe sarki sarki ne, doka doka ce.

Na kuma koma kan bugun 1981 na Tom Moldvay da David Cook. A can matsafi da ƙwayar d4, mai fuska huɗu, yake jefa jininsa, tsafi ɗaya gare shi a rana in yana farawa, mayaƙi d8, kuma bayan mataki na 9 an daina jefa ƙwaya ma, ɗan ƙari ne ƙayyadadde. Mayaƙin mataki na 9 a can jininsa wajen 40 ne in ba ƙarin ƙarfin jiki. Namu na mataki na 10 yana da 94, goblin kuma, ɗan ƙaramin dodo, 7 gare shi. To ina tsoro zai fito?

Daga nan na ɗauko takardun 'yan wasana na bi su layi layi, gaban kowane iko ina rubuta tambayar da yake kashewa. Tsafin haske da ake yi kyauta ba iyaka, ya kashe "wa ke riƙe da wuta, saura nawa?" Gani a duhu, jinsi shida cikin tara na littafin 'yan wasa na 2014 suna da shi har ƙafa 60. Tsafin 'ya'yan itace goma da kowane ɗaya ke ƙosar da mutum yini guda, mataki na ɗaya ne fa. Ƙaramar bukkar tsafi mai awa takwas da ba mai iya shigowa, ta kashe "a ina zamu kwana, wa zai yi gadi?" Tashi sama ya kashe katanga da kogi. Dawo da wanda ya mutu cikin minti ɗaya ya kashe mutuwar kanta kusan.

Da na gama sai jikina yayi sanyi, don duk waɗannan kafin gwarzo ya kai mataki na 6 ake samunsu, mafi nisansu a na 5. Kenan in na tsayar dasu a shida kawai na naɗe hannu an gudu ne ba a tsira ba.

19 ga Janairu

Na tara su na faɗa musu. Bai zo da sauƙi ba.

Abokina mai wasa da maharbi, wanda ya gina gwarzonsa kaf akan baiwar nan ta rage 5 a saiti a ƙara 10 a rauni, yace "mutumina kawai kace ka gaji da ganin muna cin nasara." Nace masa wallahi ba haka bane, nasarar nake so ta dawo da ɗanɗanonta, amma na ga bai gamsu ba kuma yana da hujja, wata takwas yayi yana tsara gwarzon nan mataki mataki, jin daɗinsa kenan a wasan, kamar mai haɗa inji.

Maganar ƙanwata ce ta tsaya min. Ita ce matsafiyarmu. Tace "Yaya ni fa don tsafin nake zuwa, in ka kwashe to me ka bar min?" Ban da amsa a lokacin. Ni duk tunanina yana kan abin da zan cire, ban taɓa zama na rubuta abin da zan mayar a gurbinsa ba.

Abin da muka tsaya akai: gwajin zama shida, in basu ji daɗi ba mu koma gidan jiya ba gardama. Ba zan cire komai ba sai na sa wani abu a madadinsa. Ba zan canza doka a tsakiyar zama ba ko da na ga kuskure, sai an tashi. Za a fara a mataki na 2 a tsaya a 6, ba haɗa aji biyu, ba baiwa sai bayan shida, kuma na nuna musu cewa waɗannan biyun dama a littafin 2014 zaɓi ne, mai jan wasa ne ke cewa a yi ko a bari. Gani a duhu ya tafi ga kowa, dodanni kaɗai ke da shi. Tsafin haske ya koma mai cin gurbi, wato ɗaya daga cikin ƙidayayyun tsafin da mutum zai iya yi kafin ya huta. Ita kuma ƙanwata na mata alkawari tsafe tsafen mataki na uku suna nan a cikin duniyar, a littattafai da kaburbura da hannun wasu mutane, in ta nemo nata ne.

2 ga Fabrairu

Zama na farko. Haɗa gwaraza biyar bai kai minti arba'in ba. Faɗa biyu, na farko minti 20 na biyu 25, ba wanda ya taɓa waya. Amma ba zan yi saurin murna ba, ƙaramin mataki dama can yana da sauri ko da dokar littafi zalla.

16 ga Fabrairu

Gyaran gangar auzinawa nayi da maganar hutu.

Matsalar da naso magancewa ita ce a bugu na 5 barcin awa takwas yana cika jini fal ya dawo da duk tsafi, kuma littafin mai jan wasa na 2014 ya gina lissafinsa ne akan faɗa shida zuwa takwas a rana ɗaya, mu kuwa biyu muke yi in anyi yawa, so kullum da cikakken ƙarfi suke shiga su zazzage komai a zagayen farko. A cikin littafin akwai wani zaɓi, gajeren hutu ya zama awa takwas, dogon hutu kwana bakwai. Shi na ɗauka.

Abin da ya faru shine duk faɗa ɗaya sai suce a koma gari a yi sati. Suka koma sau uku a zama biyu, labarin ya tsaya cak, ni ina ta cewa "sati ya wuce." Lokacin da na matsa musu da cewa masu garkuwa da mutane na cikin labarin zasu tashi da yaran da suka kama in an daɗe, sai suka ci gaba ba hutu, ƙanwata ta ƙare tsafinta tun a faɗan farko ta zauna kusan awa uku tana jefa ɗan tsafin kyauta iri ɗaya, bata ce komai ba amma fuskarta ta faɗa. Dokar mayaƙi bata taɓa shi sosai ba, ita ta kwantar.

Na canza. Yanzu dogon hutu dare ɗaya ne kamar da, amma sai a wurin aminci, wato ƙarƙashin rufin wani da ya yarda ya sauke ku. A daji ko cikin rami gajeren hutu ne kawai da gurbin tsafi ɗaya da zai dawo. Ban yi zaton abin da zai biyo baya ba, jiya da suka isa wani ƙauye abu na farko da suka tambaya shine wa ke da faɗa a ji anan kuma me ke damunsa, don suna buƙatar ya buɗe musu ƙofa. A tsohon labarin ƙauye wurin sayen kibiya ne kawai.

1 ga Maris

An yi mutuwa kuma laifina ne.

Na cire jifa ukun nan na ceton rai da littafi ya ba wanda jininsa ya ƙare, na mayar da shi jifa ɗaya, in jini ya kai sifili ka jefa d20, ƙasa da 10 ka tafi. Dalilina shine abin nan da ya ishe ni, mutum ya faɗi a tashe shi da ƙaramin tsafi ya sake faɗi a sake tashe shi, sau huɗu a faɗa ɗaya ba ko tabo. To jiya suka buɗe wata ƙofa a tsohon hasumiya, na sa musu ƙaton dodo da ake ce wa ogre a bayanta, jini 59, kulkinsa 2d8 (ƙwayar d8 guda biyu) da ƙarin 4, wato wajen 13 duk duka. Ɓarawonmu mataki na 3 ne jininsa 21, shi ke gaba. Duka biyu ya faɗi, ya jefa 6.

Tebur yayi tsit. Mai gwarzon yaro ne mai shiru shiru, ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu yace ba komai. Da komai.

Na kwana ina juya abin. Na rage musu ƙarfi amma ni ban canza yadda nake jan wasa ba, har yanzu ina ajiye dodo bayan ƙofa ba alama ba gargaɗi, yana ganinsu ya afka, kuma baya gudu sai ya mutu, don haka na saba tun suna mataki na 10 inda hakan ba ya kashe kowa. Masu tsohon bugu da ke yawo da jini huɗu ba sa'a ce kaɗai ke raya su ba, littafin yana da dokoki biyu da na karanta na wuce. Ta farko jifan haɗuwa, 2d6 in aka yi kiciɓis da wani abu, 2 ne kawai ke nufin ya afka nan take, 6 zuwa 8 yana ɗari ɗari bai yanke ba, 12 kuma abota. Ta biyu jifan ƙarfin zuciya, in ɗayansu ya fara mutuwa a jefa, in rabinsu sun faɗi a sake jefawa, in 2d6 ya haura lambarsu sai su arce ko su miƙa wuya. Goblin lambarsa 7, kenan hanya 15 cikin 36 zai gudu tun a gawar farko.

Na kira yaron yau na bashi haƙuri, na faɗa masa ba don ya mutu nake bada haƙurin ba, don ban bashi abin da zai yanke shawara akai bane. Da ya ga ƙasusuwa a bakin ƙofa ya ji wari ya ji munshari sannan ya buɗe, to wannan tasa ce. Yace zai dawo da sabon gwarzo.

Sabuwar doka: wanda ya faɗi ya fita daga faɗan gaba ɗaya, ba tashi sai an gama. Bayan faɗa in 'yan uwansa sun kai gare shi yana raye amma da rauni mai zama, in sun gudu sun bar shi sai a jefa. Kuma duk abin da zai iya kashe mutum da duka biyu dole in nuna alamarsa kafin a kai gare shi.

8 ga Maris

Zama na shida ya cika. Huɗu sunce a ci gaba, maharbi yace "a ƙara shida mu gani." Na karɓa.

Na kuma koma bada maki akan dukiyar da aka fito da ita, zinare ɗaya maki ɗaya kamar a bugun 1981, kisa kuma ɗan kaɗan.

29 ga Maris

Wannan zaman nake ta jira tun Janairu.

Sati biyu kenan da na sa dokar gurbin kaya. A littafi mutum yana ɗaukar ƙarfinsa sau 15 a fam, mai ƙarfi 16 fam 240 kenan, ba wanda ke lissafawa, jaka ta zama rijiya. Na aro tunanin daga wasan Knave na Ben Milton: layi goma a takarda, mai ƙarfi ya samu ƙarin biyu ko uku, kowane kaya layi ɗaya, sulke mai nauyi biyu, tsabar kuɗi ɗari layi ɗaya, rauni mai zama shima yana cin layi. Ba lissafi, ido kawai. Wuta kuma na bi yadda Kelsey Dionne tayi a wasanta Shadowdark, bakin wuta ɗaya awa ɗaya ta agogon gaske, na ajiye waya a tsakiyar tebur tana ƙirgawa kowa na gani.

Suka shiga wata tsohuwar mahaƙa da ruwa ya ci rabinta, da bakin wuta huɗu. Sun ɓata kusan guda da rabi suna gardamar hanya, na yi shiru ban tuna musu ba. A can ƙasa suka samu akwati, zinare 1,400, layi goma sha huɗu kenan, su kuma duka duka gurbi shida ne ya rage musu, wuta saura ɗaya da 'yan mintuna. Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa a teburin nan ba. Mayaƙi yace zai yar da garkuwa, mai warkarwa yace baka isa ba kai ne katangarmu, aka ce a yar da igiya, sabon gwarzon yaron nan yace da igiyar muka sauko ramin can da me zamu hau, ƙanwata ta rungume wani littafi da ta tsinta a hasumiya wanda bata ma iya karanta shi ba tukuna tace ko me za a yar banda shi. Kuma wanda yafi kowa ɗaga murya, yana tsaye yana nuna agogo yana cewa ku yi sauri wuta zata mutu, maharbi ne.

A hanyar fita suka ci karo da goblin takwas. Na jefa 2d6 a gabansu, 9. Shugaban goblin ɗin ya tsaya yana kallon buhunan. Suka yi ciniki, zinare ɗari uku da garkuwar mayaƙi, goblin huɗu suka ɗauko musu sauran dukiyar har bakin rami kuma suka nuna musu gajeriyar hanya. Ba a zare takobi ba ko sau ɗaya a zaman, wutar ta mutu suna hango hasken waje.

A tsohon labarin wannan duka minti goma ne, kowa na gani a duhu, jaka na haɗiye komai, tsafin ƙwallon wuta ɗaya goblin takwas sun zama toka.

12 ga Afrilu

Abu biyu, duka ba daɗi.

Mai mayaƙi ya same ni bayan zama yace shi fa a faɗa abu ɗaya yake faɗi, "na sara," sai zagaye ya dawo yace "na sara." Gaskiyarsa. Baiwowin da na cire sune maɓallansa, matsafiya ta samu farautar littattafai, ɓarawo ya samu duhu da tarko, shi ban bashi komai ba, na karya alkawarin 19 ga Janairu ban lura ba. Bana so in dawo da jerin dabaru ashirin kowace da sakin layinta, don haka na ɗauko wata dabara da masu tsohon salo suka daɗe suna yi: kafin ka jefa ka faɗi abin da kake so ya faru, ka ture shi cikin ruwa, ka fizge mashinsa, ka watsa masa ƙasa a ido, in ka same shi sai maƙiyin ya zaɓa, ko ya yarda abin ya faru ko ya sha raunin. In ka jefa 20 duka biyun. Kyanta shine tana daidaita kanta, in ka nemi abin da ya wuce hankali maƙiyi zai zaɓi rauni kawai, in kuma jininsa ya kusa ƙarewa zai yarda da kusan komai. Kowa na iya yi amma mayaƙi kaɗai ke samun duka biyun tun daga 18.

Na biyun, na buga dokokin gidan don in raba musu sai naga shafi bakwai. Bakwai. Na fara aikin nan don a daina juya takarda, gashi yanzu suna juya littafi sannan su juya nawa su ga ko na canza abin da littafin yace. Na zauna daren jiya da jan biro, duk dokar da ba a taɓa buƙatarta ba a zama goma ta tafi, teburin raunuka mai layi ashirin ya koma shida, dokar yanayi da ta lalacewar makami na soke su kaf. Saura shafi biyu da rabi, rabin nan ma sai na ga bayansa.

10 ga Mayu

Sun kai mataki na 5 kuma littafin nan da ƙanwata ta ƙi yarwa a mahaƙa ƙwallon wuta ne a ciki. Zama shida tana ɗauke da shi yana cin mata gurbi, ta biya wani tsohon matsafi da aikin da ya kusa kashe su kafin ya koya mata karanta shi.

Jiya ta harba shi karo na farko akan mahara goma sha ɗaya a kan gada. 8d6, wajen 28 kenan, da'irar ƙafa 20 kowane ɓangare. Tara suka faɗi nan take, sauran biyun ko jifan ƙarfin zuciya ban yi musu ba. Ba zan ɓoye ba na ji wannan tsohon abin ya taso min, faɗan da na shirya ya ƙare a jifa ɗaya. Amma da na kalli teburin duk sun miƙe tsaye, ita kuma hannunta na rawa tana tattara ƙwayoyin. A da duk zama sai ta harba shi sau uku ko huɗu ba wanda ke ɗago kai. Tsafin ɗaya ne, lambobin ɗaya ne, ban rage masa ko maki ba.

Abin da nayi kawai shine mutanen ƙauyen sun gani daga nesa, kuma daren nan mai masaukinsu yace yana da iyali, su nemi wani wurin. Sun rasa dogon hutu saboda haka, suka shiga rarrashi.

Tsafin dawo da matacce ma na bar shi kamar yadda yake a littafi, yana cinye lu'ulu'u na zinare 300, sai dai a duniyar nan ba a sayar da irinsa a kasuwa. Guda biyu ne a duk taswirar kuma sun san inda ɗaya yake, a rawanin wata sarauniya.

Faɗa ya fara tsawo kuma, mayaƙi da maharbi sara biyu biyu suke yi yanzu, na ƙarshe ya kai minti 40. Ina sa ido.

7 ga Yuni

Maki 14,000, mataki na 6, silin kenan. Da sauran rina a kaba, don tun farko nasan nan ne aikin zai tsaya ko ya rushe.

Tsarin E6 yace baiwa duk bayan maki 5,000, amma baiwowin bugu na 5 manya ne, sun fi na 3.5 nauyi nesa ba kusa ba, in na bada huɗu ko biyar takardar ta koma shafi uku mun dawo inda muka taso. Abin da na ajiye musu shine duk maki 5,000 mutum ya zaɓi ɗaya: baiwa, amma biyu ce iyaka har abada, ko mabiya da zasu rantse masa, ko wani wuri nasa, ko wani babba da gwarzon zai zama yana bi bashin alheri. Tsohon bugu dama haka yake yi wajen mataki na 9, mayaƙi ya gina ganuwa mutane su taru ƙarƙashinsa, ni na jawo shi ƙasa ne kawai. Mai mayaƙi ko numfashi bai ja ba yace hasumiyar da ogre ya kashe ɓarawo yake so, zai gyara ta, kuma kunga in ya gyara sun samu rufin kansu na dogon hutu a tsakiyar daji, ban ma hango wannan ba sai da ya faɗa. Mai warkarwa ya zaɓi mabiya uku. Ƙanwata tace ita a bar ta da taswira, taji labarin wani kabari da tsafin tashi sama a ciki.

Maharbi yace baiwarsa yake so, ta rage 5 a ƙara 10. Na daɗe ban amsa ba. Da sara biyu a zagaye wannan ƙarin 20 ne in duka sun shiga, ogre mai jini 59 da ya sa su kuka a hasumiya zai iya faɗuwa a zagaye biyu daga nesa kafin ya ɗaga kulki. Amma mutumin nan wata huɗu yana wasa da dokokin da bai zaɓa ba, bai fasa zama ko ɗaya ba, kuma ya faɗa min gaskiya a waya cewa yana jin daɗin wannan labarin amma yana kewar zama da littattafai uku yana haɗa gwarzo, wannan ɓangaren na wasan na ɗauke masa kuma ba hasumiya ko mabiya da zasu maye shi. Ban da abin da zan ce akan haka, gaskiya ne.

Na bashi, da sharaɗi ɗaya da muka yarda dashi tare, sau ɗaya a zagaye kuma kibiyar da aka harba haka ta karye ba a tsinto ta. Kibiya ashirin layi ɗaya ce a jakarsa. Mun kuma ce duk bayan wata biyu za a yi zama ɗaya na daban a mataki na 15 da komai a buɗe, shi zai ja wasan ni in zauna a kujerar ɗan wasa.

Asabar mai zuwa zasu koma mahaƙar, ruwan ya janye an ga wata ƙofa a ƙasa. Zan riƙe agogo akan kowane faɗa, in ya haura minti 40 sau biyu a jere to sara na biyun zan fara dubawa, ina tunanin mayar da shi jifa ɗaya mai ƙwayar rauni biyu, amma sai na tambayi mai mayaƙi tukuna don shi abin zai fi shafa. Rabin shafin nan ma har yanzu yana nan, dokar mabiya ce ta cinye gurbin da na samu.